Neman gidan haya mai wurin ajiye mota a Ushafa, kusa da dam ɗin Usuma

Tambaya: Wani bawan Allah ya rubuto cewa an mayar da shi aiki Bwari, maiɗakinsa kuma tana koyarwa a Wuse. Yana neman ciki biyu da falo a Ushafa, kusa da dam ɗin Usuma, saboda sanyin wurin da ƙarancin hayaniya. Motarsu ɗaya ce, Sienna, kuma a gidan da suke yanzu a Kubwa a bakin titi take kwana. Duk dillalin da ya kira sai ya ce masa "akwai fakin". Yana so ya san yadda zai tabbatar kafin ya biya kuɗi.

Amsa: Malam, Allah ya sa wannan canjin wurin aiki ya zame maka alheri. Sana'ata ke nan, haɗa masu gida da 'yan haya tsakanin Kubwa, Dutse da Bwari, don haka zan gaya maka abin da nake gaya wa ƙannena idan sun zo mini da irin wannan buƙata.

Dillalin da ya ce maka akwai fakin ba lallai ƙarya yake yi ba. Abin da yake nufi shi ne, a lokacin da ya kai ka, akwai fili a cikin get wanda ba a yi gini a kai ba. Kai kuwa abin da kake nema wuri ne guda da kowa a gidan ya san naka ne, wanda Sienna za ta shiga ta fita ko ƙarfe nawa ne ba tare da ka buga wa wani ƙofa ba, a watan Agusta kamar yadda za ta yi a Janairu. Wannan ba ya ganuwa da rana tsaka ranar Talata, lokacin da duk masu motocin gidan suna ofis. Kuma muddin ba a rubuta shi a takardar yarjejeniya ba, alfarma ce aka yi maka, ranar da aka ga dama a janye.

Mu fara da garin kansa, don na lura kamar gida kake hangowa a bakin ruwa. Dam ɗin Usuma ba irin Tafkin Jabi ba ne da jama'a ke zagayawa da yamma. Shi ne babbar ma'ajiyar ruwan shan Abuja, yana hannun Hukumar Ruwa ta Birnin Tarayya, a nan matatar ruwan take, har daga dam ɗin Gurara da ke jihar Kaduna ake turo masa ƙarin ruwa ta bututu. Saboda haka akwai masu tsaro, kuma ba a yarda da gidajen zama a gaɓarsa ba. Abin da za ka samu shi ne gida a kan tudu inda ake hango ruwan daga sama, ko gida a gindin duwatsu inda iskar ruwan ke isowa da dare. Duk wanda ya nuna maka gini dab da ruwa yana cewa ka yi sa'a, ka yi masa godiya ka wuce. Irin waɗannan ne ma'aikatan kula da tsarin gine-gine suke shafa wa jan fenti.

Ushafa garin Gbagyi ne, sananne da ginin tukwane, kuma nan ne shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000. Tsohon garin an zauna shi ne tun ba a tunanin mota: lunguna ne na masu tafiya da ƙafa da 'yan acaɓa, gidajen hayarsa kuma galibi ɗaki-ɗaki ne da ciki da falo masu ƙofar shigar mutum kaɗai. A can haya ta fi araha, amma da wuya ka samu abin da kake nema. Gidajen da ke da get na mota suna sababbin unguwanni, inda ma'aikatan da tsadar cikin gari ta koro suka sayi fuloti suka gina. To a nan ne wata matsalar take, kuma ina so ka riƙe ta da kyau. Gidajen da suka fi faɗin haraba su ne na bakin gari, don can ne fili ya yi araha har mai gida ya iya barin sarari. Can ɗin kuma shi ne inda hanya ta fi lalacewa, wuta ta fi rauni, maƙwabta suka fi nisa da juna. Za a kai ka gida mai harabar da za ta ɗauki mota takwas, ka ji ranka ya kwanta, alhali da damina motar ba za ta iya isa bakin get ɗin ba.

Don haka tun daga inda ka sauka daga kwalta za ka fara duba wurin fakin. Ushafa ƙasar tudu da gangare ce. Daminar Abuja tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba, kuma ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nitsewa, gangarowa yake da gudu ya bi duk layin da ba a yi wa lambatu ba. Idan da damina kake nema, ka gode Allah, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi ka gani da idonka. Idan da rani ne sai ka karanta alamu. Rami mai tsawo da ya tsaga tsakiyar layi, buhunan yashi da aka jera a bakin ƙofofi, fasassun bulo da ɓaraguzai da aka zuba don cike kwari, layin jar ƙasa a jikin katanga da ke nuna iya inda ruwa ya kai bara, duk shaidu ne da ba sa ɓoyuwa. Sannan ka tsaya a mahaɗar da 'yan acaɓa ke jira, ka tambayi ɗaya daga cikinsu ko yana shiga wannan layin idan an yi ruwa, kuma nawa yake ƙarawa. Ba shi da la'ada a cinikinka, gaskiya zai gaya maka.

Kuma da motarka za ka je, kada ka yarda dillali ya ɗauke ka a tasa ko ku hau babur. Sienna doguwa ce, ta haura mita 5, faɗinta ya kusa mita 2, cikinta kuma ba shi da nisa da ƙasa. Masu gida a irin wannan wuri sukan ɗaga bakin get sosai don kada ruwan layi ya shigo musu, su yi kwalbati mai doro. Hilux ɗin mai gida za ta haye ba ta ji komai ba, taka kuwa za ta goga ciki ko ta bar leɓen bamba a wurin. Ka sunkuya ka dubi simintin bakin get ɗin. Idan ka ga fararen zane-zane na gogar ƙarfe, motocin da suka riga ka ne suka bar su. Ka gwada shiga da mutane a cikin motar, don yadda take tsayawa da kai kaɗai dabam ne da yadda take zama idan an ɗauko iyali da buhun shinkafa daga kasuwar Dutse. Ka shiga da gaba, ka fita da ribas, ka sake shiga da ribas ka fita da gaba. Idan sai wani ya tsaya yana cewa "zo, zo, karya kan, tsaya", ka tuna ba kullum ne za ka samu wannan mutumin ba.

Ka riƙe tef na awo a aljihu. Get mai faɗin mita 3 ya isa idan layin da ke gabansa yana da faɗin da za ka karya kan mota. Idan akwai turken wuta a gefe, ko wani ya kafa kwantenar shago a tsallake, mita ukun nan sai ta zama ba ta isa ba. Wurin mota ɗaya yadda aka saba zana shi kusan mita 2.5 ne a faɗi da mita 5 a tsawo, amma taka tana son tsawon da ya fi haka, don ka iya ɗaga but ba tare da ya bugi katanga ba. Ƙofofin bayanta masu zamewa ne, nan ta yi maka sauƙi. Idan a cikin harabar za ka juya, kana buƙatar kusan mita 6 a bayanka wanda babu kowa a kai.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke faɗawa. Bayan ka ga gida da rana ya yi maka, ka koma kai kaɗai wajen ƙarfe tara ko goma na dare a ranar aiki, ka sake komawa da safiyar Asabar. Ka ƙirga mitocin wuta da ke jikin bango, su ne za su gaya maka iyali nawa ne a gidan. Ka ƙirga motocin da ke ciki da waɗanda aka jingine a jikin katanga ta waje. Idan akwai sashen da ba kowa, ka lissafa masa mota, don wanda zai kama shi ma'aikaci ne irinka. Idan ka ga mota ta kwana a waje alhali da rana ka ga kamar akwai fili, to ka samu amsarka.

Akwai wani gida da aka taɓa kira na sasanci a yankin, sashe shida, harabar kuma ta mota huɗu ce, a jere biyu-biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Tsarin da suka yi shi ne duk wanda ya tare wani ya rataya makullinsa a wata ƙusa a ɗakin maigadi. Abin ya yi ta tafiya har ranar da wani ya shigo da daddare ranar Alhamis, ya tsaya a bayan motar maƙwabcinsa, da asuba ya bi jirgin ƙasa zuwa Kaduna da makullin a aljihu. Wanda aka tare kuwa matarsa na da awon ciki a asibiti da safen nan. Na same shi tsaye a harabar da jallabiya, ya kira bakanike da yara huɗu suna ƙoƙarin jan motar mutumin gefe da jak, matar tana zaune a kan kujerar roba a bakin get tana jiran Keke. Mutanen kirki ne dukansu, suna sallah a masallaci ɗaya, amma daga ranar gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu. Zo mu zauna, zo mu saɓa, gaskiya ne, sai dai wannan saɓanin tun ranar da aka zuba harsashin ginin aka shuka shi. Ni a wurina duk wurin da sai an matsar da wata mota kafin taka ta fita, ba na ƙirga shi a matsayin fakin, kuma ba na bari a karɓi kuɗin mutum da sunansa.

Ka kuma dubi abin da zai iya cinye filin nan gaba. Idan ka ga tarin bulo da yashi a kusurwar haraba an lulluɓe da leda, ka tambayi me za a yi da su. Sau da yawa boskwata ce ko shago ake shirin yi, kuma a daidai inda aka nuna maka za ka riƙa tsayawa. A zanen da aka kai wa hukuma wurin na motoci ne, amma da mai gida ya ga kuɗin haya na tashi sai ya ga filin banza ne ba ya kawo komai. Ka tambayi inda ake ajiye janareto da dare, inda mata ke shanya, inda tankar ruwa ke tsayawa idan bohol ya lalace. Ka nemi murfin sokawe. Idan a kansa aka ce ka riƙa fakin, kada ka yarda, don ba kowane magini ne ke sa rodi isasshe a wannan daɓen ba, kuma mota mai kusan tan biyu ce za ta riƙa kwana a kai. Ƙarƙashin hasumiyar tankin ruwa ma ba wurin mota ba ne, haka ƙarƙashin mangwaro a lokacin 'ya'ya. Idan mai gidan yana zaune a ciki, ka sani baƙinsa sun fi ka gata a ranar suna ko biki, sai fa in an rubuta.

To ga rubutun. Takardar yarjejeniya da Turanci lauya zai yi ta, amma kai ne za ka faɗi abin da za a sa, kuma kafin ka tura kuɗi, lokacin da maganarka ke da nauyi. A rubuta cewa kana da wurin mota ɗaya a cikin haraba, a siffanta shi yadda ko baƙo zai gane, misali na farko ta hannun hagu idan an shigo get. A rubuta cewa kuɗinsa na cikin kuɗin haya, don kada shekara ta zagayo a ƙirƙiro maka wani caji. A rubuta cewa ba za a yi gini ko a jibge kaya a kai ba har wa'adinka ya cika, kana da makullin get naka, kana shiga da fita kowane lokaci. A faɗi abin da zai faru idan aka saɓa: ko a rage maka wani kaso na haya, ko ka tashi a mayar maka da ragowar kuɗinka. Ku zana harabar a takarda ɗaya, a yi wa wurinka alama, ku duka ku sa hannu, a manna a bayan yarjejeniyar. Ka ɗauki hoton motarka a tsaye a wurin ranar da ka karɓi makulli. Da izinin mai gida ka sayi ƙaramin gwangwanin fenti ka rubuta lambar sashenka a ƙasa. Idan za ka kafa rumfar mota da kuɗinka, a rubuta ko za ka cire ta in za ka tashi ko za a biya ka.

Wasu masu gida za su ce, haba Malam, ai ba a haka da ni, maganata ta isa. Ka amsa da ladabi cewa ba don shi ba ne, don gaba ne: gida na iya canja hannu, magada na iya shigowa, sabon ɗan haya na iya zuwa da mota biyu. Mai gidan da ya san filin na nan ba ya jin nauyin rubuta shi. Wanda ya dage ba zai rubuta ba, akwai abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba.

Bayan get ɗin gida akwai na unguwa. Yawancin sababbin layuka sun sa shinge ko ƙarfe a bakin hanya, 'yan sintiri ke rufewa da dare. Ka tambayi ƙarfe nawa ake rufewa, ƙarfe nawa ake buɗewa, wa ke riƙe da makulli, nawa kowane gida ke bayarwa a wata. Wannan ya shafe ku kai tsaye, saboda abin da zan faɗa game da Hajiya maiɗakinka.

Motarku ɗaya, wuraren aikinku biyu, kuma ba hanya ɗaya suke ba. Daga Ushafa zuwa Bwari, inda Makarantar Horar da Lauyoyi da hedikwatar JAMB suke, tafiya ce gajeriya, ko a motar haya za ka yi ta ba wahala. Zuwa Wuse kuwa sai an bi ta Dutse a hau babban titin Kubwa, kuma ka san yadda cunkoson Dutse Alhaji yake da safe da kuma bayan la'asar. A lissafina ita ce za ta riƙa ɗaukar motar, kuma malamar makaranta da za ta isa kafin taron safe sai ta fita da duhu-duhu bayan asuba. Ke nan motarku ce ta farkon fita a gidan. Wurin da ya dace da ku shi ne mafi kusa da get, kuma ita ya kamata ta riƙe sitiyari ranar gwaji, ta shiga ta fita da kanta, ta hau gangaren layin ta sauko. Idan ita ba ta sake da wurin ba, gidan bai yi ba, ko da kai ka iya. Ku kuma yi lissafin man zuwa da dawowa na wata guda ku ɗora a kan kuɗin haya kafin ku ce Ushafa ta fi Kubwa sauƙi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, na ga iyalai da dama da suka gudu bayan gari don arahar haya, gidan mai ya karɓe abin da suka rage.

Maganar tsaro ba zan ɓoye maka ba. A ƙarshen 2023 da Janairun 2024 an yi fama da satar mutane a sassan Ƙaramar Hukumar Bwari, kuma gidajen da suka jingina da daji da duwatsu su suka fi shiga haɗari. An ƙara jami'an tsaro daga baya, jama'a na zaune suna harkokinsu, amma wannan ma dalili ne da ya sa nake ce maka ka fifita ƙaramar haraba a cikin mutane, kusa da kwalta, a kan makeken fili a gidan ƙarshe. Ka gaisa da mai unguwa, ka yi sallah a masallacin layin ka ji ta bakin mutane. Ƙananan ɓarayi kuwa batir suke nema, da madubin gefe, da ƙwaƙwalwar mota. Ka duba ko akwai fitila mai aiki da hasken rana a harabar, ko maigadi a nan yake kwana, ko katangar baya ta kai tsawon ta gaba. Ka kuma sani cewa da wuya ka kama mai gida da alhakin abin da aka sace a motarka, yawancin yarjejeniyoyi ma cire shi suke yi ƙarara. Inshorar dole ta naira 15,000 da aka fara daga Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan sata ko ambaliya. Wadda ke biyan waɗannan ita ce cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta bai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba.

Sanyin da kake so yana zuwa da danshinsa. Ka shafa ƙasan bangon ɗakuna, ka duba ko fenti na kumbura yana ɓarewa, ka buɗe wadirob ka shaƙa, ka dubi firam ɗin ƙofofi ko gara ta taɓa. Ragar sauro a tagogi dole ce. Harabar da ba a yi wa daɓe ko intalok ba za ta zama taɓo, ciyawa kuma ta kawo ɓeraye, su kuwa wayoyin injin mota suke ci idan ta kwana biyu ba a tayar ba. Kada kuma ka ɗauka cewa zama kusa da dam na nufin famfo na zuba. Gidaje da yawa a yankin da bohol suke rayuwa ko 'yan garuwa. Ka buɗe famfo da hannunka, ka tambayi wa ke biyan wutar da ke ɗaga ruwa zuwa tanki. Mitar wuta kuma ta kati, taka kai kaɗai, kuma a tabbatar babu bashin kamfanin wuta na AEDC a kanta.

Game da wanda za ka ba kuɗi. Tun dokar 1976 da ta kafa Abuja, duk ƙasar Birnin Tarayya ta Gwamnatin Tarayya ce, Ministan Abuja ke bayar da ita, kuma a hukumar AGIS ake ajiye bayanan filaye. Gidaje da yawa a garuruwan gefe a kan takardar sarki ko ta mai unguwa aka gina su, wadda hukuma ba ta ɗauke ta a matsayin mallaka ba. Kai ɗan haya ne, ba saye za ka yi ba, ba kowane mai gida ne zai buɗe maka fayil ɗinsa ba, amma ka tambaya ka ji yadda zai amsa. Ka dubi katangar waje ko akwai inda aka shafe jan rubutu da sabon fenti. Ka guji gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, ko a kan hanyar ruwa, ko a kan layin manyan bututun da ke kai ruwa cikin gari. Ka ga mai gidan ido da ido, ko lauyansa mai takardar wakilci. Kuɗin haya a asusun da ke ɗauke da sunan mai gida za ka tura, ba na dillali ba, ko da ni ne. Ka karɓi rasit mai sunanka da adireshin gida da ranar farawa da ta ƙarewa. Rasit ɗin ma yana da wani amfanin yanzu, don sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai.

A kan kuɗin haya akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauya wanda shi ma yakan kai haka ko ƙasa da haka, da kuɗin ajiya na ɓarna, wani wurin da kuɗin maigadi da shara. A ce haya naira miliyan ɗaya da rabi ce, to ka shirya kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas tun ba a zo kan kuɗin ajiya ba. A rubuta sharaɗin mayar da kuɗin ajiyar. A dokar karɓar gida ta Abuja, ɗan hayar shekara yana da notis na wata shida, na wata-wata kuma wata ɗaya, sannan a ba shi na kwana bakwai kafin a tafi kotu, sai dai idan yarjejeniyarku ta yanka wani wa'adi dabam, don haka ka karanta wannan sashen da kyau kafin ka sa hannu. Mai gida ba shi da ikon kulle maka get ko tare maka mota don ya matsa maka ka tashi, kotu ce ke fitar da mutum.

Idan ka samu gidan da ya yi ta ko'ina amma babu wuri a ciki, akwai mafita ɗaya da nake yarda da ita. A irin waɗannan unguwanni ba a rasa fuloti mai katanga da get wanda mai shi bai fara gini ba ya sa maigadi, ko maƙwabci mai babbar haraba da mota ɗaya. Ka yi magana da mai wurin kansa, kada ka tsaya a kan maigadi, ku yanka kuɗin wata, a rubuta ko da a rabin takarda ne, ka karɓi makulli. Sharaɗina shi ne wurin ya kasance a layinku, inda Hajiya za ta iya takawa da asuba kana tsaye a bakin ƙofa kana ganinta. Harabar gidan mai ko ta masallaci ta kwana ɗaya ko biyu ce, ba ta shekara ba. Idan hakan ma bai samu ba, ka faɗaɗa nemanka zuwa rukunin gidajen da ke kan hanyar Dutse zuwa Bwari, inda aka zana wa kowane sashe wurin motarsa tun farko. Za ka biya kuɗin hidima na shekara, ruwan dam ɗin ma ba lallai ka hango shi ba, amma ita za ta rage tafiya, kai kuma ba ka yi nisa da ofis ba.

Kafin ka biya kowane dillali kuɗin duba gida, ka tambaye shi a waya: sashe nawa ne a gidan, mota nawa ke kwana a ciki yanzu, akwai wadda ke tare wata, mita nawa ne daga kwalta, kuma mai gida zai yarda a rubuta wurin mota a yarjejeniya? Ka ce ya turo maka bidiyo da ya fara ɗauka tun daga bakin kwalta har cikin get, ba tare da yankewa ba. Wanda ya san gidan da gaske zai turo kafin yamma, sai ku sa ranar da za ku je da Hajiya da motar.